Muhawara: rashin ɗakin gwaji ne ke kayar da ɗalibanmu, ko Lissafi?

Malamin Fiziks:
Assalamu alaikum, 'yan uwa malamai. Duk shekara da zarar sakamakon WAEC da NECO ya fito, waƙa ɗaya muke rerawa: babu lab, babu kayan aiki, shi ya sa yara suka zube a Fiziks da Kemistare. Ni ban yarda ba. Lissafi ne ke kayar da su. Ko yau aka gina wa kowace makaranta lab aka shaƙe shi da kaya, makin da ke zubewa zai ci gaba da zubewa.

Ku ɗauki gwajin fendulam. Me yake ci? Zare, ɗan ƙarfe mai nauyi a ƙarshensa, rula mai mita ɗaya, da agogo. Ko ƙusa aka kafa a saman ƙofa an gama. Yaro ya auna zaren daga inda aka rataye shi zuwa tsakiyar ƙarfen, ya ja shi gefe kaɗan, kada ya wuce digiri 10, ya saki, ya ƙirga zuwa da dawowa sau 20. A tsawon santimita 100 zai sami sakan 40 ko kusa da haka, a santimita 25 kuma kusan sakan 20. Wannan kusan kowane yaro yana iyawa. Ana fara asara ne daga inda aka ce ya raba da 20 ya sami T, wato lokacin zuwa da dawowa ɗaya, ya ninka T da kansa, ya zana giraf ɗin T² a kan l, wato tsawon zaren, ya fitar da silof. Sai ka ga ya zaɓi sikeli na uku-uku ko bakwai-bakwai, ya rasa inda zai ɗiga 2.4. Ko ya cushe giraf ɗin a lungu guda, takarda duk fili. Ko ya zana ɗan mitsitsin kusurwa uku ya ɗauki silof da shi. Ka ba shi T = 2π√(l/g) ka ce ya fitar da g, wato ƙaruwar gudun abin da ke faɗowa ƙasa, sai ya ninka T da kansa, ya cire rut, ya bar 2π yadda yake, ya sami 1.57 a maimakon 9.87, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ko gabansa bai faɗi ba. Ina laifin lab a nan?

Malamar Kemistare:
Wa alaikumus salam. Malam, ka zaɓi gwajin da ya fi kowane arha ka gina hujjarka a kai. Zo ɓangarenmu ka gani.

A tantance sinadari babu lissafi ko na sisin kwabo, kuma nan ne yaran da ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba suke kwasar kashinsu a hannu. Umarnin shi ne a zuba sodiyam haidiroksaid ɗigo-ɗigo, sannan a zuba da yawa. In akwai Zn²⁺ (zink), Pb²⁺ (dalma) ko Al³⁺ (alminiyam) a ciki, farin gudaji zai fito da ɗigon farko, ya narke in an ƙara. Yaron da bai saba ba tuntsura kwalbar yake yi gaba ɗaya, gudajin ya fito ya narke kafin ya ƙifta ido, sai ya rubuta wai bai ga komai ba. Ya rasa makin abin da ya gani, ya rasa na abin da ya fahimta. Haka da amoniya: zink ne kawai cikin ukun nan ke narkewa in an zuba da yawa, kuma da wannan ake raba su. Cu²⁺ kuwa shuɗin gudaji mai haske yake bayarwa da farko, in amoniya ta yi yawa ya koma ruwa mai shuɗi sosai. Wanda a littafi kawai ya karanta "kore mai datti" na Fe²⁺ da "ja mai ruwan ƙasa" na Fe³⁺, ranar da ya gan su a zahiri ba lallai ya gane su ba.

Taitireshan ma, wato auna yawan asid ɗin da zai cinye bes, hannu ne kafin kai. Biret, bututun gilashi mai famfo da ake ɗiga asid da shi, da asid ake ɗauraye shi, fifet, bututun auna bes, da bes, amma tulun da ake haɗa su a ciki da ruwa zalla. In ya ɗauraye tulun da bes, ya ƙara bes ɗin da bai auna ba, awonsa ya haura. In ya bar mazurari a bakin biret, ɗigon da ya maƙale zai sauko yana tsakiyar aiki. In akwai kumfar iska a ƙasan famfon biret, za ta fita a matsayin asid. In ya hure ɗigon ƙarshe na fifet, ya ɓata awon, domin an riga an yi lissafin wannan ɗigon zai zauna. Metil orenj, sinadarin da launinsa ke nuna an kai wuri, ɗigo biyu zuwa uku ne. Daga ruwan ɗorawa ake jiran ya koma ruwan lemo, in ya kai ruwan hoda an wuce wuri. Tsakanin lemo da hoda ɗigo ɗaya ne, kusan 0.05 cm³. Wane malamin Lissafi ne zai koya wa yatsun yaro tsayar da famfo a ɗigo ɗaya?

Malamin Fiziks:
Babu. Amma Malama, bayan ya samo awonsa guda uku masu kyau, sauran tambayar fa? Ai lissafi ne har ƙasa. Kuma masu zana jarrabawa daga waje firaktikal ɗin takarda suke yi, ba sa taɓa biret, a hoto ake nuna musu awon. Da hannu ne kaɗai matsalar, da duk sun cinye makin. Suna cinyewa?

Malamar Kemistare:
Ba sa cinyewa, domin wanda bai taɓa karanta biret na gaske ba bai san daga sama zuwa ƙasa lambobinsa ke tafiya ba. Ruwa ya tsaya tsakanin 23 da 24, sai ya karanta 24.50 a maimakon 23.50.

Sauran tambayar kuma ban musa ba. Giram 5.3 na sodiyam kabonet a lita ɗaya, a raba da 106, ya ba da mol 0.05. Mol ɗaya na kabonet yana cin mol biyu na HCl. Fifet 25, biret ya ba da 23.50, ƙarfin asid ya zama 2 × 0.05 × 25 a raba da 23.50, wato 0.106. Yara da yawa suna juya 2 da 1 ɗin, su sami 0.027. Amma wannan ba rashin iya rabawa ba ne, rashin sanin abin da ke faruwa a cikin tulun ne.

Malamin Lissafi:
Tunda ni aka gurfanar, bari in kare kaina. Duk abin da Malam ya lissafa muna koyarwa. Sauya abin da ake nema a fomula tun JSS3 ake fara shi, a maimaita a SS1. Logaridim da rubuta manyan lambobi a taƙaice duk a SS1 suke. Yaron da ya sami 1.57 ɗin nan, ka rubuta masa y = 2a√(x/b) a allo ka ce ya fitar da b, akwai yiwuwar ya yi daidai. Da zarar x da y sun koma T da l, sai ya ɗauka wata duniya ce daban. To waye ya kamata ya gaya masa abu ɗaya ne? Ni ba na shiga ajin Fiziks.

Na biyu, tsarin ne bai jitu ba. Fiziks yana neman silof tun a darasin motsi na SS1, inda ake fitar da ƙaruwar gudu daga giraf ɗin gudu da lokaci. A sikim ɗin da yawancinmu ke bi, maganar gangarar layi da y = mx + c ba ta zaunawa sosai sai an yi nisa, wasu sai SS2, wasu har SS3. Kuna karɓar bashin abin da ba mu kai ba tukuna, sannan ku ce ba mu biya ba.

Na uku, kuma wannan zai yi ɗaci: malaman kimiyya nawa ne ke warware fomula mataki-mataki a allo? Da yawa rubuta ta suke yi a shirye, g = 4π²l/T², su ce a haddace. Yaro ya haddace fuska uku na fomula ɗaya a matsayin fomula uku.

Malamin Fiziks:
Na ukun akwai ƙamshin gaskiya. Amma canjin ma'auni fa? Kilomita 72 a awa mita 20 ne a sakan, yaro sai ya zuba 72 a fomula kai tsaye. Daga cm² zuwa m² da 10,000 ake rabawa, shi da 100 zai raba. Iskar gas ta tashi daga digiri 27 zuwa 54, sai ya ce girmanta ya ninka biyu, alhali daga Kelbin 300 ne zuwa 327, ƙarin kashi 9 cikin ɗari kacal. Kalkuleta ma ba su san ta ba: a gwajin gilashi da allurai, in tana kan radiyan, sin 30 zai ba da −0.988 a maimakon 0.5, yaro ya cika teburinsa da lambobi masu alamar ragi, bai tsaya ya tambayi kansa ba.

Malamin Lissafi:
Kelbin naku ne, Malam, ba nawa ba. Kalkuleta na karɓa.

Mai kula da lab:
Malamai, ku yi haƙuri in sa baki. Ana maganar lab kamar gini ne. Makarantu da yawa suna da ɗakin, abin da babu shi ne abin da ke ƙarewa, da wanda zai haɗa shi.

Aji mai yara 60, kowa zai yi awo huɗu, ɗaya na gwaji uku na gaske. Bes kaɗai 25 cm³ sau huɗu, 100 ke nan, a ƙara na ɗauraya ya kai 150. Lita 9 na bes, kusan haka na asid, a zama ɗaya. In an haɗa su biyu-biyu a raba wannan biyu. Sinadarin kansa ba shi da yawa: HCl mai ƙarfi na kwalba, kusan 8.6 cm³ ne ke yin lita ɗaya mai ƙarfin 0.1, wato abin da bai kai 80 cm³ ba ya ishi lita 9. Sodiyam kabonet giram 48 ya ishi ajin. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, musamman salfurik, zafi yake tasowa ya fantsama.

Abin da ya fi wuya ruwa ne. Lita 18 na tataccen ruwa ake nema, injin tacewar kuma wuta yake so. Sai a ɗebo na rijiyar burtsatse. A taitireshan ana iya lallaɓawa, tunda awon ɗalibi da na malaminsa ake gwadawa, kuma ruwa ɗaya suka yi amfani da shi. A tantance sinadari kuwa ɓarna yake yi: in ruwan yana da kulorayid, da an ɗiga silba naitiret farin gudaji zai fito ko da babu komai a samfurin. Yaro ya rubuta abin da ya gani da idonsa, a soke shi.

Ajiya ma tana kashe gwaji. Sodiyam haidiroksaid in an bar murfin a buɗe yana shan danshi da iska, ya jiƙe, awonsa a sikeli ya zama ƙarya. Sodar wanki mai ruwa a jikinta, nauyin mol ɗinta 286 ne, ba 106 ba, kuma a busasshiyar iskar hunturu tana zubar da ruwan ta koma gari. Wanda ya auna ta a matsayin busasshiyar kabonet ya ɓata wa aji guda lissafi. Ruwan Fe²⁺ in ya kwana yana fara komawa Fe³⁺, shi ya sa ranar ake haɗa shi. Silba naitiret a kwalba mai duhu ake ajiye shi. Ruwan farar ƙasa na gwada iskar CO₂ in ya daɗe a buɗe ba ya yin fari ko an busa. Duk wannan ba kuɗi mai yawa ba ne, mutum yake buƙata wanda aikinsa ke nan.

Malamar Kemistare:
Allah ya saka da alheri. Ka ji, Malam. Kuma a makarantu da yawa sai umarnin jarrabawa ya iso ake sayo kayan, yaro ya fara ganin biret saura mako biyu.

Malamar Bayoloji:
Mu a Bayoloji kullum ana ɗauka babu ruwanmu da lissafi, kuma wannan zaton yana cutar yara. Zane a firaktikal sai an rubuta ninkinsa: tsawon zane a raba da tsawon samfurin. Fara mai santimita 5, an zana ta a santimita 10, ninki ×2. Sai yaro ya juya ya rubuta ×½, ko ya ƙara masa "cm" a baya, ko ya ƙirƙiro ×100 alhali da ido ya kalla.

Wanda ya fi damuna shi ne gado na jini. AS ya auri AS: AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Kowane ɗalibi yana iya zana akwatin nan. Amma ka tambaye shi ma'anarsa, sai ya ce in sun haifi huɗu, ɗaya ne zai zama sikila. Ba haka ba ne. Kowane ciki da kansa yake da ɗaya bisa huɗu. Za su iya haifar huɗu babu mai SS ko ɗaya, yiwuwar hakan 81 ce cikin 256, ƙasa da kashi ɗaya bisa uku. Za su iya jera biyun farko duk SS, ɗaya cikin 16. Wannan darasin yiwuwa ne na Lissafi tsantsa, kuma yaran nan aure za su yi da wannan gurguwar fahimta. A nan ina tare da Malamin Fiziks.

A ɗaya ɓangaren kuma ina tare da Hajiya Malamar Kemistare. Ruwan Benedik sai an dafa yake komawa jan bulo in akwai suga; wanda bai taɓa yi ba sai ya ɗiga ya tsaya kallo, ya ce shuɗi ne, babu suga. Aidin a kan sitaci baƙi mai shuɗi-shuɗi, wannan ba ya son wuta. Gwajin tsotsar ruwa da doya ko dankali, in ba a fere fatar gindin ba ruwa ba zai shiga yadda ya kamata ba, in kuma an dafa doyar gwajin ya mutu. Duk da kayan kicin ake iya yin rabin wannan, don haka "babu lab" ba uzuri ba ne a wurinmu.

Malamin Jogirafi:
Yara, kun ware kanku ku 'yan kimiyya kamar ku kaɗai ke da ɗalibai. Jogirafi ba shi da biret, taswira ce da rula da zare, amma ciwon ɗaya ne. Taswira mai sikeli 1:50,000, santimita 2 kilomita ɗaya ne. Aka ce a fitar da gangara tsakanin wuri biyu, bambancin tsayinsu mita 100, nisansu a takarda santimita 4. Nisan ƙasa kilomita 2, mita 2,000, gangara 1 cikin 20. Yaro sai ya raba 100 da 4, ko da 2, bai mayar da su ma'auni ɗaya ba. In tsohuwar taswira ce mai layukan tsayi a ƙafa, abin ya ƙara cakuɗewa. Aka ce a rage taswirar zuwa rabi, sabon sikeli 1:100,000 ne, shi kuma 1:25,000 zai rubuta, don a ganinsa ragi raba lamba ne.

Ga wanda ya fi ban takaici. Digiri 15 awa ɗaya, digiri ɗaya minti 4. Maiduguri tana wajen digiri 13 gabas, Sakkwato wajen 5. Tazarar digiri 8, minti 32 ke nan. Babu yaron da bai san mutanen Maiduguri suna riga na Sakkwato shan ruwa da kusan rabin awa a watan azumi ba. Yana ji a rediyo kowace shekara. Amma ka ba shi a takardar jarrabawa, sai ya rasa ko ƙarawa zai yi ko ragewa. Sannan a SS3 malamin Lissafi ya sake koya masa layukan nan na duniya da R = 6,400, wato kilomitocin da ke tsakanin tsakiyar duniya da doronta, kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Silof ɗinka, Malam, da gangarata, da ninkin Malama, da mol biyu kan ɗaya na Hajiya, duk abu guda ne: wannan a kan wancan. Mun raba shi gida biyar, kowa ya sa masa sunansa.

Malamin Lissafi:
Baba, kun faɗi abin da nake ta kewaye.

Malamar Kemistare:
Baba, ban ƙi ba, amma gudajin zink ba "wannan a kan wancan" ba ne. Kada a shanye maganata a cikin taku.

Malamin Turanci:
Akwai wanda ba a ambata ba. Kafin yaro ya kai ga lissafi sai ya karanta tambayar, kuma da Turanci take. Tambayar Fiziks tana ɓoye lambobi a cikin magana: in an ce mota ta tashi daga tsaye, gudun farko sifili ne, in an ce an jefa dutse sama har ya kai ƙololuwa, gudunsa a can sifili ne, in an ce gudu bai canja ba, babu ƙaruwar gudu. Ba a rubuta 0 ko ɗaya ba. Yaron da ke tsintar lambobi daga tambaya yana tsallake kalmomi zai ce ba a ba shi isassun bayanai ba. Irin wannan yaron ne a takardarmu ake ce masa ya taƙaita a jimla uku, ya kwafo sakin layi guda. Ku gwada wani abu: ku karanta wa aji tambayar, ku fassara ta da Hausa, kada ku ƙara komai, ku ga hannu nawa za su tashi.

Malamin Fiziks:
Za su ƙaru, na sani. Amma ko da Hausa aka faɗa, wanda bai iya fitar da t daga s = ½at² ba yana nan inda yake.

Malamin Aikin Gona:
Ni gonar makaranta ce lab ɗina, kuma tana nan, amma matsalar ba ta tafi ba. Buhun NPK 15-15-15 mai kilo 50, naitirojin ɗin da ke ciki kilo 7.5 ne. Buhun yuriya kashi 46 ne, kilo 23. Ka tambayi ɗalibi buhun yuriya nawa zai ba da kilo 46 na naitirojin, amsa biyu ce, sai ya yi ta zufa. Masara a tazarar santimita 75 da 25, tsiro ɗaya a rami: 0.75 sau 0.25 ya ba da 0.1875, a raba murabba'in mita 10,000 da shi, tsiro 53,333 a hekta. Mafi yawan kuskuren daga barin santimita ne ba a mayar mita ba. Kuma waɗannan 'ya'yan manoma ne, sun san taki, sun san shuka. Hannu ba ya rasa musu. A wurina Malamin Fiziks ya fi kusa da gaskiya.

Malamin Darasin Addinin Musulunci:
Ina da tambaya ga masu cewa yaran ba su iya lissafi ba. Mutum ya rasu ya bar mata, uwa, ɗa ɗaya da 'ya ɗaya. Mata tumuni, ɗaya bisa takwas. Uwa sudusi, ɗaya bisa shida. Asalin mas'ala 24: mata 3, uwa 4, saura 17. Sha bakwai ba ta rabuwa uku, sai a ninka komai da uku ya zama 72: mata 9, uwa 12, ɗa 34, 'ya 17. Ɗalibin da ya yi karatun gado a Islamiyya yana warware wannan, wani ma da ka. Shi ne kuma za a ba shi 1/8 + 1/6 a ajin boko ya rubuta 2/14. Zakka ɗaya bisa arba'in ya sani, amfanin gona ɗaya bisa goma in ruwan sama ne, ɗaya bisa ashirin in ban-ruwa ne da wahala, amma 2.5 cikin ɗari na kuɗi kaza ya gagare shi. Kan yana aiki. Ku duba yadda kuke ba shi.

Malamin Lissafi:
Allah ya gafarta Malam, ɗalibai nawa ne a aji suka kai babin gado? 'Yan kaɗan ne. Amma dalilin da ya sa waɗannan suke iyawa shi ne sun san in aka yi kuskure haƙƙin wani aka ci, don haka suna duba ko rabon ya cika 72. Wannan dubawar ce babu a aji. Yaron da ya sami 1.57 bai san ya kamata amsar ta faɗo kusa da 10 ba, ko ya sani bai ga ruwansa ba.

Malamar Kemistare:
Yauwa. Kuma me ke sa yaro ya san amsar da ta dace? Ya taɓa yi da hannunsa. Wanda ya yi taitireshan sau biyar ya san awo yana faɗowa wajen ashirin da wani abu. In lissafi ya ba shi 235, zai koma ya duba. Ka dawo gidana ke nan, Malam.

Malamin Fiziks:
Bai dawo ba. Fendulam na ce a yi, ban ce kada a yi gwaji ba. Cewa na yi ginin da kayan ba su ne suka hana ba.

Tsohon Firinsifal:
Na bi maganganunku. Ana yawan kawo misalin makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da Jihar Kano ta buɗe a 1977, a ce lab ne sirrinsu. Lab yana ciki, amma a tuna da jarrabawa ake tace masu shiga, kuma makarantun kwana ne, akwai lokacin nazari na yamma da dare. Kowane ɓangare a cikinku zai iya jan misalin zuwa wajensa.

Abin da shugaban makaranta zai iya yi ba tare da jiran ma'aikata ba kaɗan ne, amma akwai. Kafin zangon farko, malaman Lissafi, Fiziks, Kemistare da Jogirafi na SS1 su zauna da sikim ɗinsu a tebur ɗaya. Manhajar NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta faɗi abin da za a koyar a shekara. Jera makonni a cikin zango akwai ɗan sarari. A jawo sauya fomula, canjin ma'auni da zana giraf zuwa makonnin farko. Malamin Fiziks ya miƙa wa na Lissafi teburin awon fendulam na ainihi da yaran suka ɗauka, a zana giraf ɗin a firiyod ɗin Lissafi, da T² da l, ba x da y ba. Firaktikal kuma a ba shi firiyod biyu a jere. Minti 40 ba ya isar taitireshan: rabon kaya da ɗauraya sun ci 15, wanke-wanke 10, saura awo ɗaya.

Malamin Lissafi:
Ranka ya daɗe, in masu duba makarantu suka zo, dayari suke buɗewa su gwada da sikim ɗin da aka raba, mako da mako. Inda jiha ke yin jarrabawar zango ta bai-ɗaya kuma, wanda ya sauya jeri yaransa ne za su tarar da tambayar abin da ba su kai ba. Sai dai in shugaban zai sa hannu a kan canjin ya tsaya a kai. Sannan firiyod ɗin giraf ɗin daga nawa za a cire, ni ma ban gama nawa ba.

Tsohon Firinsifal:
Giraf yana cikin sikim ɗinka ai. Lambobin kawai aka canja maka.

Malamin Lissafi:
Lambobin littafi suna faɗowa a kan layi cif. Na fendulam a warwatse suke, sai an koya musu jan layin da ya ratsa tsakiya, ɗigo kusan daidai a kowane gefe, ba haɗa ɗigo da ɗigo ba. Wannan ƙarin darasi guda ne. Zan yi, amma Malam ya kawo teburin da tsayi biyar aƙalla, daga 40 zuwa 120, kada ya kawo mini uku.

Malamin Fiziks:
Biyar za ka samu, kowane an auna shi sau biyu.

Mai kula da lab:
In za a ba da firiyod biyun, a sanar da ni kwana biyu kafin ranar, saboda ruwa. Kuma a sayi fifet fila ko guda goma ne. Yara suna zuƙar bes da baki, wani ya kai har maƙogwaro.

Malamar Kemistare:
Ni dai ban janye ba, rabin makin firaktikal ɗina a yatsu yake. Firiyod biyun nake so tun daga SS2, ba SS3 ba, kuma kada a sa mini su ranar Juma'a, ana tashi da wuri.